Baƙi Mai Ƙiba: Daga Allon Almajiri Zuwa Allon Shago a Shahuci

Wanda ya shigo birni ta Ƙofar Mata, ya wuce Asibitin Murtala, ya nufi Kasuwar Rimi da Shahuci, idonsa ba zai huta ba. Ko'ina rubutu ne. Allon mai kemis, allon tela, banar mai sayar da katin waya, sitika a bayan Adaidaita Sahu, fastar ɗan takara da ruwan sama ya cinye rabinta amma sunansa na nan daram. In ya ɗan tsaya ya lura, zai ga galibin haruffan nan 'yan gida ɗaya ne: gajeru, masu ƙiba, masu kumatu, babu kusurwa mai kaifi a jikinsu, kamar an mulmula su da hannu yadda ake mulmula fura. Ja a kan rawaya, fari a kan kore, wani lokaci da baƙar inuwa a gefe don su taso daga jikin allo.

Samarin da ke zaune gaban kwamfuta a shagunan buga katin biki za su ce wannan yayi ne, da na'ura ya zo. Suna da gaskiya ta wani fannin, domin yawancin haruffan da suke dannawa a Amurka da Turai aka zana su. Sai dai na'urar ta zo da ɗaruruwan zubi, sirara da masu kauri, masu ƙafa da marasa ƙafa, Bakano kuwa ya miƙa hannu ya ɗauki mai ƙiba. Dalilin wannan zaɓi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ana iya bin sawunsa ba tare da an yi nisa da Shahuci ba.

A fara da kalmar kanta. Bahaushe yana kiran harafi baƙi. Matakin farko na karatun allo sunansa babbaƙu, daga nan sai farfaru, lokacin da aka sa wa baƙaƙen wasali. Tun daga suna ke nan an gaya wa yaro cewa harafi abu ne mai duhu, mai jiki, wanda ake hangowa. Malaman allo ba su tsaya ga sunayen da Larabawa suka ba haruffa ba, sai da suka raɗa wa kowanne nasa gwargwadon surarsa: ba guje, mim jaye, lam ara, nun guda, ha kuri, ɗa mai hannu. Wani gudu yake yi, wani jan sa aka yi, wani ya dunƙule, wani ya ɗaga hannu. Yaro ɗan shekara biyar yakan san baƙaƙensa kamar yadda ya san mutanen unguwarsu, kowa da tsayinsa da ƙibarsa da irin tafiyarsa.

Kayan aikin ma sun taimaka. Alƙalamin gamba ko na kara, in aka fiƙe shi aka tsaga bakinsa, faɗi gare shi, ba tsini ba. Tawadar zuge da ƙaro tana da kauri. Allo kuma itace ne, yana shan ruwa, ana wanke shi ana sake rubutu a kai shekara da shekaru har ya yi duhu. Siririn layi ba ya rayuwa a irin wannan fili. Ga kuma karatun dare da na asuba, inda almajirai ke kewaye wutar kara, kowa ya karkata allonsa wajen haske. Baƙin da bai cika ba, ba mai ganin sa a wannan lokaci.

Daga allo hannun ya hau takarda, kuma a nan ne rubutun Kano ya yi suna. Danginsa rubutun Magariba ne, shi ya sa ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, bisa ruwayar Warshu. Masu binciken rubuce-rubucen hannu, irin su Andrea Brigaglia da ya yi nazari a kansa a 2011, suna danganta asalinsa da rubutun Barno. Amma Kanawa sun ƙara masa nauyi. Layin da ke kwance, wanda baƙaƙe ke zaune a kansa, kauri ne da shi kamar dakali. Tsayayyun layuka gajeru ne, ba su kai shi kauri ba. Wutsiyar nun da ta ya da ta lam kan nutsa ƙasa ta zagayo kamar ƙwarya. In alaramma ya gama shafi, daga nesa sai ka ga baƙin gini mai kusurwa huɗu, ja na wasali da rawayar hamza suna walƙiya a cikinsa. Kumsa na nuna aya biyar, kuri na nuna goma, zayyana na tsaye a gefe wajen sumuni da hizifi. Takardar kuwa, a ƙarni na 19, galibi daga Italiya take zuwa ta Tarabulus a bayan raƙuma, da tambarin jinjirin wata uku a cikinta.

Shahuci ta shiga labarin ne lokacin da wani hannun daban ya shigo gari. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, a wajen ganuwa. Da boko ya samu shiga cikin birni, Shahuci na cikin wuraren da ya fara zama. A elementaren Shahuci Malam Aminu Kano ya fara karatun boko a 1930, Maitama Sule kuma a 1937. A unguwar dai aka kafa makarantar shari'a a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, don horar da alƙalai da ma'aikatan kotu, makarantar da daga baya Shehu Nasiru Kabara ya shugabanta. Ke nan a tsakanin 'yan taku kaɗan ana koyar da rubutu biyu, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, kuma sau da yawa yaro ɗaya ne ke yin duka biyun: allo da asuba, littafi da hantsi.

Bokon da ya zo siriri ne. Alƙalamin ƙarfe mai tsini, takarda mai layi, malami na tsaye da bulala kada wani baƙi ya haye layin. Rubutun ofis ne, na rasit da takardar haraji da rajistar kotu. Ya kuma zo da gurguwar ƙafa, domin haruffan Turawa ba su da wasu sautukan Hausa. An yi ta dabara, wani ya sa ɗigo a ƙasa, wani ya sa waƙafi a gaba, har cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai boko gidajen da bai taɓa shiga ba. Amma a zamanin da ake zuba haruffa da dalma, kowane girma da nasa zubin, kuma baƙi mai lanƙwasa ba ya cikin akwatin da aka saba sayarwa. Sai an yi odarsa musamman. Wannan ƙaramar matsala za ta bi Hausa har cikin kwamfuta.

Da injin ɗab'i ya yawaita, an zaci rubutun hannu ya gama yayi. Littattafan Misira da Bairut suna shigowa, haruffansu ƙanana, tsaf-tsaf, masu kyau. Sai dai wanda ya tashi a kan allo bai saba da su ba. Ɗigon fa da na ƙaf sun canza wuri, layin ya yi siriri, dattijo sai ya matso da littafin har hancinsa. Masu sana'ar littafi a Kano suka samo mafita tun wajen shekarun 1950: a ba marubuci mai kyan hannu ya rubuta littafin da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafukan, a juya su kan faranti, inji ya buga dubbai. Maɗaba'ar En'e da Oluseyi da Northern Maktabat na cikin sunayen da ake gani a ƙarshen irin waɗannan littattafai. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Ishiriniya, waƙoƙin wa'azi na ajami, duk sun fito ta wannan hanya, suka cika rumfunan 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi, daga nan fatake suka kai su Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi.

Cikin marubutan da inji ya yaɗa hannunsu babu wanda ya kai marigayi Sharu Bala Gabari suna. Alƙur'anin da ya rubuta an buga shi an sake bugawa, har yara da yawa da ba su taɓa jin sunansa ba sun yi hadda da hannunsa a gabansu. Injin da aka zaci zai kashe rubutun Kano shi ya mai da shi rubutun kowa. A farkon shekarun 1980 ma, kamfanin Triumph na gwamnatin Kano, wanda ke buga Albishir da boko, ya fito da Alfijir, jaridar ajami da marubuta ke rubutawa da hannu kafin a kai ta inji. Kanun labarinta ba ya buƙatar wani zubi na musamman. Marubuci kawai zai ɗauki alƙalami mai faɗin baki.

A daidai wannan zamani wata sana'a ta taso a bakin titi, ta masu fenti da buroshi. Su ne suka rubuta allunan shaguna da na makarantun Islamiyya, su ne suka ƙawata bayan manyan motoci da zaki da dawisu da addu'ar Allah Ya kiyaye hanya. Lokacin siyasar 1979 su ne suka bi bango suna zana mabuɗin PRP da gida da masara na NPN. Da yawansu sun riƙe allo kafin su riƙe buroshi, kuma aikin bai yi musu baƙunta ba. Buroshi ɗan'uwan alƙalamin kara ne: bakinsa faɗi, yana son lanƙwasa, ba ya son kusurwa. In ka ja shi ka ɗaga, ƙarshen layin da kansa yake zagayewa. Kaifin kusurwa sai an koma an gyara, gyara kuma lokaci ne da fenti. Mai shago yana son a hango sunansa daga kan babur, cikin ƙurar hunturu, ko da wanda ke hangen bai wuce aji uku ba. Duk waɗannan dalilai wuri ɗaya suka nufa.

Akwai kuma makarantar da ba a biya kuɗinta, wato ƙofar silima. Fastocin finafinan Indiya da ake mannawa a Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai suna ɗauke da sunaye da manyan haruffa masu tudu da inuwa, su ma asalinsu aikin buroshi ne a Bombay. Yaron da ke koyon fenti yakan tsaya ya ƙare musu kallo, gobe ka ga irin inuwar a allon mai shayi.

Abin sha'awa shi ne, zubin da ya fi kowanne suna a wannan fanni a duniya ma daga hannun mai rubutun talla ya fito. Oswald Cooper mai zanen haruffa ne a Chicago, yana rubuta tallace-tallace da hannu. A 1922 kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ya zuba wasu haruffansa da dalma ya sa musu suna Cooper Black. Kalma ta biyu a sunan ma'anarta baƙi, domin haka Turawa masu ɗab'i ke kiran harafin da ya kai ƙarshen kauri. Inda Bahaushe ya fara, a nan su suka ƙare. Haruffan Cooper ba su da kaifi ko ɗaya, ƙasansu ma a zagaye yake, kamar an hura musu iska. Masana na lokacin sun raina su, 'yan kasuwa kuwa suka yi rububi. Shi kansa Cooper ya yi barkwancin cewa ya yi su ne don masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani da nisa. Shekara saba'in da 'yan kai bayan haka, kamfanin jiragen sama na easyJet ya rubuta sunansa da su a jikin jirage. Volkswagen ma ya sa an zana masa nasa zagayayyun haruffan, VAG Rounded, a 1979, don ya yi wa masu saye fuskar fara'a.

Kafin waɗannan su iso Kano ta kwamfuta, kasuwar littafi da ta fim sun riga sun share musu fage. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka ɓarke, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna buga nasu da kuɗinsu. Bangon littattafan farko da hannu ake zana shi, sunan littafi da manyan baƙaƙe masu laushi, domin a kan tabarmar mai sayarwa littafi hamsin ne ke gasar ido ɗaya. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990 ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo, sai ga kwalin kaset da fasta sun zama sana'a. Mujallar Tauraruwa ta biyo a 1998, Fim kuma a Maris na 1999, kowacce da kanun da ke kiran mai wucewa tun daga tsallaken titi.

A nan kwamfuta ta karɓi aikin. CorelDRAW, manhajar da aka ƙirƙira a Kanada a 1989, ta zama buroshin sabon zamani a shagunan zane na Kano. Cooper Black da Arial Rounded suna cikin haruffan da ke zuwa tare da manhajojin ofis na Microsoft, don haka duk wanda ya sayi tsohuwar kwamfuta ya same su a ciki kyauta. Yaro zai rubuta suna, ya kumbura shi, ya lanƙwasa shi kamar baka, ya zuba masa launi biyu, ya sa masa inuwa, aikin da zai ci wa mai buroshi yini guda ya gama shi kafin shayi ya huce. Manyan kamfanoni ma hanyar suka bi. Da wayar salula ta zo a 2001, ba a daɗe ba titunan birni suka cika da tambura masu taushi: glo da ƙananan haruffa cikin koren ƙwallo daga 2003, airtel da nasa jajayen zagayayyu daga 2010. Injin buga bana ta roba ya ƙarasa abin da ya rage. Masu buroshi da yawa suka koma rubuta lambar gida da bangon makaranta, wasu suka koyi kwamfutar.

Sai tsohuwar gurguwar ƙafar nan ta sake bayyana. Waɗanda suka zana haruffan ado a Chicago da Landan ba su san da ƙ ba. A zamanin tafireta, mai buga takarda yakan gama shafi sannan ya bi da biro yana ɗora wa kowane k da d da b ƙugiyarsa. A shekarun 1980 an yi yunƙurin haɗa haruffan harsunan Nijeriya a zubi ɗaya, har da shawarar Hermann Zapf, shahararren mai zanen haruffa na Jamus. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa kwamfuta haruffan Hausa masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da mujallun Kano suka daɗe suna amfani da su. Yau tsarin Unicode ya tanadar wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ta Nijar gurbinsu, kuma zubi irin su Noto da Andika suna ɗauke da su. Amma kusan duk wannan gyara na rubutun cikin littafi ne. Haruffan ado, masu ƙibar nan da kasuwa ke so, da yawansu har yanzu babu ƙugiya a cikinsu.

Sakamakon yana rataye a kowane lungu. In mai zane ya nace ya danna ƙ, kwamfuta takan aro ta daga wani zubin, sai ka ga ramammen baƙi ɗaya tsaye a tsakiyar ƙattai kamar baƙo a gidan biki. Yawanci ba sa nacewa. Shi ya sa tela ke yin dinki, mai ƙosai ke sayar da kosai, ƙofa ta zama kofa. Mai karatu yana cike gurbin da kansa, tunda ya san abin da ake nufi. Amma baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa, haka ɓata da bata, kuma yaron da ke koyon karatu daga allunan titi yana ganin kuskuren da manyan haruffa sau ɗari kafin ya ga daidai sau ɗaya a aji.

Ta ɓangaren ajami kuwa labarin ya juyo gida ta wata hanya. A 2017 cibiyar SIL International ta fitar da wani zubin kwamfuta da Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana, tana kwaikwayon rubutun Kano daga littattafan hannu da bugun kasuwa. Ta bar masa kaurin layin kwance, da gajerun tsayayyu, da wutsiyoyi masu nutso, da ƙananan wasula manne da baƙaƙe, yadda shafi zai fito baƙi ƙirin kamar na alaramma. Sunan da aka ba shi Alkalami. Kyauta ake sauke shi, kuma daga baya ya shiga rumbun haruffa na Google. A cikin birni kuma masu zayyana irin su Sharu Mustapha Gabari sun fitar da hannun daga cikin littafi, sun kai shi jikin bango da tufafi da kayan ado.

Har yanzu mai zane a Shahuci yakan fi samun odar boko, kuma in ya tambayi mai shago irin rubutun da yake so, amsar ba ta cika wuce a yi shi ɓaro-ɓaro, yadda za a gani daga nesa ba. Da la'asar, lokacin da ake ɗaura sabuwar bana a saman shago, almajirai kan wuce ta ƙarƙashinta rungume da allunansu, tawadar rubutun da malam ya biya musu ba ta gama bushewa ba. A Kurmi kuma ana nan ana sayar da alƙaluman gamba a ɗaure, kusa da kwalaben tawada da sababbin alluna da ba a taɓa wankewa ba.